Iƙamar Na'ibi

A Khumra, can kudancin Jidda inda siton kaya suka jeru ba iyaka, kowa ya san Na'ibi da hancinsa. Sunansa na yanka Abduljalil, mutumin Damagaram ne, kuma shekara goma sha huɗu ke nan yana aiki a siton turare na gidan Abdulghaffar. Aikinsa guda ɗaya ne tak. Idan an sauke kaya, a buɗe masa kwalba ko a karya masa ɗan itacen udu, ya kai hanci, ya ce wannan na gaske ne, wancan an sirka shi. Dillalan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, sun daɗe da daina kawo wa gidan jabu, don sun gaji da shan kunya a gaban leburori.

Na'ibi kuwa laƙabi ne. Akwai ɗan masallaci na kwano a bayan siton, limaminsa mutum ne mai yawan uzuri, yau ciwon baya, gobe baƙi daga Makka. Duk ranar da bai zo ba, Abduljalil ake turawa gaba. Karatunsa ba wani na a zo a gani ba ne, amma mutum talatin sun yarda su tsaya a bayansa, kuma a duk abin da ya samu a Jidda babu wanda ya kai wannan a wurinsa. Ɗaki ɗaya yake kwana da mutum biyar, matarsa da 'ya'yansa suna gida, sai shekara biyu ta zagayo yake ganinsu. Sunan nan shi ne dukiyarsa.

Yana da wani laƙabin kuma, Barma, kuma wannan shi ne wanda yake sa gabansa faɗuwa duk lokacin da aka kira shi da shi.

Ga yadda aka yi. Kafin ya zo Jidda, shekara tara ya yi a bayan kantar giya a wani otal na bakin kogi a Yamai. Ko sau ɗaya bai taɓa kai ta bakinsa ba, wannan kam Allah ne shaidarsa. Sai dai Baturen da yake kula da wurin ya lura da hancinsa, ya zaunar da shi ya koya masa wiskin Sikotlan kwalba bayan kwalba, har ya zama ko an rufe masa ido zai faɗi yankin da aka dafa ta da shekarun da ta yi a gangar katako. Shekarar da 'yarsa Mastura ta fara magana ya ajiye aikin, don ba ya so wata rana ta tambaye shi sana'arsa. Amma fasfonsa bai tuba tare da shi ba. A gurbin sana'a an riga an buga kalma ɗaya da boko: Barman.

Ranar da ya fara aiki a siton, tsoho Abdulghaffar ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya kira Mahmud, shugaban leburori, Bahaushen Sudan haihuwar Jidda, ya ce ya fassara masa. Mahmud ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, sai fuskarsa ta washe.

"Barma! Sarauta ce a ƙasar Hausa, ya ammi," in ji shi, wato ya baffana. "Kakana ya sha ba mu labarin Barma. Wallahi wannan ɗan babban gida ne."

Harafin ƙarshe kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Tsoho ya sa aka kawo wa baƙo kujera da shayi. Abduljalil ya buɗe baki zai gyara, ya dubi kujerar, ya rufe bakinsa. Tun daga ranar yake zaune a kan ƙaryar da ba shi ya yi ba, kuma kowace shekara tana ƙara masa nauyi.

Bara tsohon ya rasu, siton da takardun ma'aikata suka koma hannun ɗansa Badr, wanda ya zama sabon kafilinsu, mai ɗaukar nauyin zamansu a ƙasar. Badr ya yi karatu a waje, yana karanta Turanci kamar yadda yake karanta Larabci. Mutum ne mai shiru, kuma shirun nasa ya ƙaru tun da matarsa ta ɗauki 'yarsu Dalal ta koma gidan iyayenta a unguwar Safa. Ya daina saukowa salla. Daga ƙasa ana hango inuwarsa a tagar ofishin da ke saman siton, tana kai da kawowa.

Wata Alhamis bayan la'asar ya aiko a kira Na'ibi. A lokacin saura kwana goma sha tara iƙamarsa ta ƙare, wato takardar zamansa a ƙasar, kuma ba mai sabunta ta sai kafili. Ya hau matakalar ƙarfe zuwa ofishin.

"Ammi Abduljalil, rufe ƙofa," in ji Badr da Larabci.

A kan tebur akwai hoton tsohon fasfonsa, an zagaye kalma ɗaya da jan biro. A gefe kuma kwalin dabino. Badr ya kwashe dabinon sama, ya zaro kwalaben wiski uku ya jera su.

"Jiya na zauna ina duba takardunku," in ji shi. "Allah ya jiƙan baba. Ya rasu yana zaton ɗan sarauta ne yake shinshina masa turare." Ya yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Mahmud bai sani ba har yanzu, ko?"

Na'ibi ya kafa wa kwalaben ido. Badr ya ci gaba.

"Shekarata arba'in da biyar, ban taɓa ɗanɗana ta ba, ko a can waje. Yau zan fara. Ka zaɓa mini wadda ta dace da mai farawa, ka nuna mini yadda ake shan ta."

"Ya Abu Dalal, ka ji tsoron Allah. Haramun ce, kuma ka san ƙasar da muke ciki. Idan aka kama kwalaben nan a siton nan, ni da kai duka..."

"Wa'azi a ƙasa ake yin sa, a masallacin kwano. Nan Barma na kira, ba Na'ibi ba." Ya taɓa hoton fasfon da ɗan yatsa. "Shi ke nan, in ba za ka zaɓa ba, zan fara da ta dama."

Ya ɗauki kwalbar ya murɗa murfin. Murfin ya buɗe shiru.

Wannan shirun ne ya ta da Na'ibi daga inda yake tsaye. Sabuwar kwalba ƙas take yi idan an karya hatiminta, kunnensa ya ji ƙarar nan sau dubbai. Nan take ya tuna Youssouf, wani mai walda ɗan Cadi da suka taɓa zama layi ɗaya. Ya sha irin giyar da ake dafawa a ɓoye, wadda ake kira sadiƙi, wai abokina. Kwana biyu bayan nan aka riƙe masa hannu aka kai shi filin jirgi, yana tambayar wa ya kashe fitila.

"Ajiye ta!"

Bai taɓa ɗaga wa ɗan gidan nan murya ba. Ya fizgi kwalbar ya kai hanci. Ruwan shayi ne da ƙonannen sukari, a ƙarƙashinsu kuma wani wari mai yanka irin na ruwan da masu fenti suke wanke buroshi. Ta biyu ma haka, har da guntun gam a wuyan kwalbar.

"Waɗannan biyu ba su taɓa ganin Sikotlan ba," in ji shi. "An ɗura su ne a nan. Hancina ba zai gaya mini ko za su kashe ka ko za su makantar da kai ba. Abin da ya gaya mini shi ne ba abin da aka rubuta a jiki ba ne a ciki."

Fuskar Badr ta canja. Ya tura masa ta uku.

Ƙas, in ji murfin. Tun kafin kwalbar ta iso hancinsa Na'ibi ya gane ta, ransa kuma ya ɓaci ƙwarai. Ta gaske ce, shekara goma sha biyu a ganga, daga yankin nan na bakin kogi da ake dafa masu laushi. Ƙamshin zuma, da tuffa, da ɗan katako. Da ma ta tsibiri ce, mai hayaƙi da warin magani, da kurɓa ɗaya ta isa ta raba Badr da wiski har abada. To, ba ita ba ce. A duk duniya in za a zaɓa wa mai farawa kwalba, wannan za a zaɓa.

Ya yi tunanin ya ce ita ma guba ce. Amma ya san Badr zai koma wurin wanda ya sayar masa ya karɓo wasu, kuma a karo na biyu ba zai kira kowa ya shinshina ba. Da wannan ya lallashi zuciyarsa. Sai dai kada a wanke shi tas, don idonsa ya kai kan jan biron nan fiye da sau ɗaya kafin ya yi magana.

"Wannan ce," in ji shi.

"Yalla, nuna mini."

Babu kofin da ya dace, sai ƙaramin kofin gilashi na shayi. Ya ɗauraye shi don kada ƙamshin na'ana'a ya ɓata ta. Hannunsa, wanda ya yi zaton ya manta, bai manta komai ba. Ya karkata kwalbar, ya zuba kaurin yatsa ɗaya, ya juya wuyanta.

"Ba a cika kofi. Kada ka sa ƙanƙara yanzu, tana kashe ƙamshi. Ka bar ta ta ɗan huta. Ka kai hanci a hankali, bakinka a ɗan buɗe, in ba haka ba za ta ƙona ka. Kurɓa kaɗan, ka riƙe ta a kan harshe kafin ka haɗiye. In ta yi maka zafi, ɗigon ruwa biyu ko uku, ba ƙari. Kuma kada ka sha da yunwa."

Maganar tana fita sumul kamar jiya ya bar Yamai. Abin da ya fi ba shi kunya daga baya shi ne, a cikin ɗan lokacin nan ya ji daɗin iya aikinsa.

Badr ya kurɓa, tari ya sarƙe shi, ya cafki hannun Na'ibi. Kwalbar ta girgiza, wiski ya zubo a hannun farar rigar Na'ibi har ya jiƙa fata. Badr ya share hawaye, ya ɗiga ruwa kamar yadda aka koya masa, ya sake kurɓa. A wannan karon bai yi tari ba. Ya lumshe ido ya jingina da kujera, Na'ibi kuwa ya ji tsoro ya kama shi fiye da na ɗazu.

"Af, iƙamarka," in ji Badr, idonsa a rufe. "Na sabunta ta tun shekaranjiya. Ka duba wayarka." Ya ja aljihun tebur, ya jefa hoton fasfon a ciki, ya kulle, ya sa makullin a aljihu. "Alhamis mai zuwa za a kawo wasu. Ka hauro bayan la'asar."

Yana sauka daga matakala rana tana faɗuwa. Liman bai zo ba, kamar yadda ya saba. Sahu biyu sun riga sun daidaita, wani ɗan Nijar yana ta da iƙamar salla, dardumar gaba kuma babu kowa a kanta. Kowa ya san Na'ibi ba ya rabuwa da alwala tsakanin la'asar da magariba, don haka Mahmud ya tarbe shi a bakin ƙofa ya kama hannun rigarsa zai ja shi gaba. Sai ya tsaya. Ya sunkuya ya shinshina jiƙaƙƙen wurin, ya sake shinshinawa.

"Masha Allah! Ya Barma, sabon kaya ne? Zuma-zuma, kamar da tuffa a ciki. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba."

Na'ibi ya dubi fuskar mutumin nan da ya naɗa shi sarauta da zuciya ɗaya shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ya dubi bayan mutum talatin da suke jiran kabbararsa. Ya san hukuncin limamin da ya shiga salla da najasa a riga yana sane, ya san har sallar na bayansa za ta ɓaci.

"Shiga gaba, Mahmud."

"Ni? Lafiya dai, Na'ibi?"

"Abduljalil," in ji shi. "Ka ce da ni Abduljalil."

Ya zare hannunsa ya nufi famfo. Yana durƙushe yana cuɗa rigar ya ji Mahmud ya kabbara, yana jan Fatiha. Ya ɗaga kai. A tagar sama inuwar ta daina kai da kawowa, tana tsaye wuri ɗaya da ɗan kofi a hannu.

Tun daga ranar ba a sake ganinsa a dardumar gaba ba. A sahun ƙarshe yake tsayawa, can gefen bango. Wasu suka ce ciwon maƙogwaro ne, wasu suka ce tawali'u ne irin na 'ya'yan manyan gida, girmansa ma sai ya ƙaru a idonsu. Kowace Alhamis bayan la'asar yana hawa matakalar ƙarfe, kuma kaurin yatsa ɗaya da yake zuba wa Badr ya daɗe da zama uku. Mahmud kuwa har yau bai haƙura ba. Duk suka haɗu sai ya tambaye shi yaushe za a sauke turaren nan mai ƙamshin zuma, yana so ya riƙa shafawa ranar Juma'a.