Tambarin Buhunan Riɗi

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Ina bin kasuwannin Gwiwa da Roni da Babura, in tara a sito a Kazaure, in loda wa manyan motoci. A wannan harka buhu duk kamarsu ɗaya, don haka kowane dila yana da tambarinsa. Nawa wani yankin kwanon rufi ne da aka huda haruffa a jikinsa: farkon sunana, sai KAZAURE a ƙasa. A ɗora a kan buhu, a goga shuɗin fenti da soso, a ɗaga.

Maiɗakina ce ta zana haruffan, Allah ya ji ƙanta. Lokacin ina da babur ɗaya da sikeli na aro. Ita mai ɗinkin zanen gado ce, da hannun da take zana fulawa ta zana su a kan kwali, na kai wa maƙeri ya yanka. Harafin R ɗinta ƙafarsa ta gaba ta fi tsawo, kamar mutum zai tsallake kwata. Ban taɓa lura da haka ba sai da 'yarmu ta nuna min.

'Yar ita kaɗai Allah ya bar mana. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ta tafi Kaduna karatun zane, irin na tsara rubutu da talla a kwamfuta. Hutun farko da ta zo bayan rasuwar uwarta, ta ce zaman gida ya ishe ta, ta riƙa bi na kasuwa. Ina tuƙi tana karanta allunan shaguna tana yanke musu hukunci.

"Baba, dubi wancan mai kemis ɗin. Magani yake sayarwa, amma ya yi rubutu da haruffan katin biki."

"To ina ruwanki, Uwata? Ana dai karantawa."

"Ana karantawa, amma ba a yarda da shi. Kai za ka sha maganin da ke rawa?"

Ita ta koya min cewa haruffa iri-iri ne. Akwai masu takalmi, wato masu ɗan tudu a ƙasan ƙafa, irin na littattafan makaranta. Akwai marasa takalmi, irin na allon hanya. Waɗannan take so, ta ce ba su da ƙarya. Wanda ta tsana shi ne wani mai kumburi kamar rubutun yaro, wanda masu shagon buga takardu ke liƙa wa kowa, har sanarwar rasuwa. Ranar da ta ga farantin tambarina a sito ta daɗe tana juya shi. Ta ce, "Wannan babu shi a kowace kwamfuta. Hannun Umma ne."

Ta gama karatu, ta samu aiki a can. Zuwa gida ya koma Sallah zuwa Sallah, daga baya har Sallar ma sai ta waya. Ban ga laifinta ba, ni ma da neman na kaina na bar ƙauyenmu. Sai dai ta bar min ciwo: na kasa wuce allo ban duba ba. In na ga mai kumburin nan a bakin tasha sai in juya gefen kujerar da babu kowa.

Bana, ana dab da fara awon riɗi, tsatsa ta cinye siririn ƙarfen da ke riƙe cikin R, harafin ya ɓalle. Na je shagon buga takardu a Kazaure, mai shagon ya jera min haruffa a allon kwamfuta kamar atamfa. Duk na duba. Masu kyau suna da yawa, amma babu wanda zai tsallake kwata.

Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake jawo mutum zuwa rumfa. Na kira ta.

"Uwata, farantin Ummanki ya karye."

Ta yi salati. Ta ce in ɗauki hotonsa in tura mata.

"Hoto ba zai yi ba. Abin sai an gani da ido, an taɓa. Ki zo ko kwana biyu ne, ga zoɓo sabo, ga ɗakinki an share."

"Baba kenan. Ciniki kake yi da ni?"

"Ciniki nake, kuma na yi miki sauƙi."

Ta yi dariya, irin ta uwarta. Ta ce aiki ya yi mata yawa, amma in shimfiɗa farantin a ƙasa da rana, in ajiye ashana a gefensa don ta gane girmansa, in ɗauka daga sama. Na so in ce wayata ba ta ɗaukar hoto sosai. Amma ita ta saya min wayar.

Na tura. Bayan 'yan kwanaki direban da ke zuwa daga Kaduna ya miƙo min kwali a naɗe. Na buɗe a sito, sai ga haruffan tambarin ta sake zana su a jiki. Ba ta gyara komai ba. Z ɗin yana nan a ɗan karkace, ƙafar R tana nan da tsawonta, har inda hannun uwarta ya ɗan yi rawa ta bar shi. Ƙarfen da ya ɓalle ne kawai ta ƙara wa kauri. Yarinyar ta iya aikinta, ta iya shi har ba ta bukatar zuwa.

Maƙeri ya yanka sabo. Ranar kasuwar Roni na buga wa buhun farko da kaina, na ɗaga farantin, shuɗin ya fito tsaf kamar na da. 'Yan dako suka kwashe, babu wanda ya san an canza wani abu. Na ɗauki hoton buhun na tura mata. Ta amsa da cewa ya yi kyau, Allah ya ba da kasuwa.

Tsohon farantin na rataye shi a ɗakinta, jikin ƙusar da take rataye mayafi.