Kwanon da Sotera Ke Ajiye wa Uwarta

Aji ɗaya muka yi da Sotera Lambey a makarantar mishan ta ƙauyenmu Seine Bight. Ni na zarce na zama malami, ita kuwa ta zauna gaban kasko tana gasa ereba, gurasar rogo ta ƙabilarmu ta Garifuna. Har yau ban ci mai daɗin tata ba. Ta auri Pantaleon masunci.

Da tsufa ya zo, Pantaleon ya fara ɓata tsakanin gida da bakin teku. 'Ya'yansu duk suna ƙasar waje, don haka wanka da abinci da magani duk a hannun Sotera suke.

Sai ga masu binciken ciwon mantuwa daga wata jami'a, suna neman tsofaffin Garifuna. Kowa ya noƙe. Sotera ta bi gida gida tana tsiya.

"Kai Malam, duk bokon nan naka tsoron likita kake? Tashi mu je, tsohon banza!"

Muka je. Aka sa ta cikin masu lafiya, ni kuma na zama tafinta.

Kowa ya san tana ajiye wa uwarta kwanon abinci kullum, alhali tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Ba mu ga laifi ba. A wurinmu mamaci yakan zo a mafarki ya nemi abinci, a ba shi. Har yaba mata muke yi.

Wata likita a cikinsu ta tambaye ta da wa take zaune.

"Da mijina da Inna."

Na yi maza na ce wa likitar, "Ruhin uwarta take nufi, 'yata. Al'adarmu ce."

Sotera ta harare ni. "Wane irin ruhi kuma? Inna tana gona tun safe. In na daɗe a nan, faɗa zan sha."

Na yi dariya, ina jiran ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Ashe ciwo muke kallo shekara da shekaru muna ce masa biyayya.

Da yamma na buga wa 'yarsu Basilia waya na faɗa mata. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Kawu, to wa ke auna wa Baba magani?"

A watan nan ta ajiye aikinta ta dawo gida, kuma ita ke kai su wurin likitar yanzu, su biyun.