Kwalbar Tuffa a Kudai

Shekarar da na kai Inna umara, a unguwar Kudai ta Makka muka sauka, kusa da tashar motocin da ke jigilar mutane zuwa Harami. Ni mai son ɗanɗane-ɗanɗane ne, duk garin da na je sai na sha abin shansu. A Makka na fara da sobiya, wadda ake ƙullawa a leda, fara da ja. Inna kuwa tun da muka iso abinci ya ƙi shigar mata. Dabino da zamzam kawai, sai ramewa take yi.

Wata rana bayan azahar na shiga kantin da ke ƙasan masaukinmu, na ga wata koriyar kwalba a firji mai hoton tuffa. Na sayi biyu. Na sha tawa a tsaye, ga gas, ga ɗan ɗaci a bayan zaƙin. Na kai wa Inna ɗayar. Ta shanye tas, ta yi gyatsa, ta ce, "Wannan ya buɗe mini ƙirji. Ƙaro mini."

Na sauko da murna na nuna wa mai kantin kwalbar. Ya dube ta ya ce, "Bira?" Ya ɗaga yatsu yana tambayar guda nawa.

Larabcina bai wuce na salla ba, amma wannan kalmar ban buƙaci tafinta ba. A gida "biya" ake cewa. Na fita ban sayi komai ba.

Na tarar Inna ta yi barci, matar da ba ta barcin rana. Na tsaya a kanta ina kallon numfashinta. Na shinshina kwalbar, ban gane komai ba, don ban taɓa sanin warin giya ba. Ni ma sai na ji kamar kaina na juyawa. Na ce wa raina ba a sayar da giya a Makka. To, me ya sa ya kira ta da wannan sunan? Abokan tafiyarmu na ɗakin gaba, amma na san in na tambaye su, zancen zai riga mu isa gida. Na yi la'asar ban san ko ta karɓu ba.

Inna tana da ƙane a unguwar Zahir, magini, ya daɗe a can. Na naɗe kwalbar a leda, na cusa a ƙasan jaka, na tari mota. Duk motar 'yan sanda da muka wuce sai na rungume jakar.

Na same shi ya dawo daga aiki, siminti bai gama fita daga hannunsa ba.

"Kawu, ina jin na yi ɓarna," na ce. "Na ba Inna wannan."

Ya juya kwalbar. "Sai me ya faru?"

"Mai kantin ya ce bira ce."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya buɗe firjinsa, ga irinta a jere. "Ruwan sha'ir ne, hatsin nan mai kama da alkama, ɗana. Ba ya bugarwa, sunan kawai suka ara. Sobiyar da kake sha ma ta fi kusa da abin da kake tsoro, in ta kwana a zafi."

Na zauna a ƙasa, sai a lokacin na ji rigata ta jiƙe da gumi.

Muka koma Kudai tare. Inna ta tashi, har ta ci shinkafa. Na so a bar maganar, amma Kawu ya ba ta labari. Ta dube shi ta ce, "Ka tabbata?" Ya rantse mata. Ta gyaɗa kai, ta ja carbinta. Har muka bar Makka tana cin abinci sosai, amma ba ta ƙara karɓar abin sha daga hannuna ba sai ta tambayi sunansa.