Wayar Baba a Gindin Tsamiya

Zaharaddini abokina ne tun muna firamare a Makoda. Ni na tsaya a gona, shi ya wuce Kano ya koyi rubuta manhaja. Da ya dawo sai ya yi mana shafi a intanet mai gaya wa manoma ko ruwan farko na shuka ne ko a dakata. Rubutu ne zalla, ko hoto babu.

Duk gyaran da ya yi, sai ya ari tsohuwar wayar Babana ya tafi gindin tsamiyar bayan gari, inda sabis ba ya wuce sanda ɗaya. In shafin ya buɗe a can, to ya yi.

Abokin aikinsa Jamil, ɗan birni, yakan yi masa tsiya: "Malam, duniya ta koma sabon firemwok, kai kana nan da garma." Firemwok dai, kamar yadda ya bayyana mini, shi ne ginshiƙin da ake ɗora shafi a kai. Sai Zaharaddini ya ce, "Duk shekara sabo yake fitowa, kowanne ya fi na baya nauyi. Nan gaba ma na'ura ce za ta riƙa rubuta manhajar. Amma ita ba ta taɓa tsayawa a gindin tsamiya ba."

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti a Ɗambatta. Jamil ya karɓi aikin, ya sake gina shafin a kan sabon firemwok. Ranar wata Talata ruwan farko ya sauka. Irin geron da ya rage mana kwano huɗu ne, in ya ƙone a ƙasa babu wani. Baba ya ɗauko sungumi. Na danna shafin, wani abu yana ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Wayoyin maƙwabta ma haka.

"Baba, a ba ni zuwa la'asar."

"Lema ba ta jira, Basiru. La'asar ɗin kawai."

Na hau babur sai asibiti. Na sami Zaharaddini ƙafafunsa a kumbure. Ya dubi fuskata.

"Ya ƙi buɗewa ko, mutumina?"

Ya kira Jamil a waya. "Mayar da tsohon, yanzu."

"Ai a nan yana buɗewa."

"Kai a Kano kake!"

Ya riƙa gaya masa abin da zai yi, yana tsayawa yana haki. Da ya gama ya riƙe hannuna. "Kada ka gwada a nan. Je tsamiya."

Ana kiran la'asar na iso, Baba ya riga ya zuba iri a ƙwarya. Na fizgi wayarsa na ruga. Shafin ya buɗe: kada a shuka, ruwa zai ɗauke kusan mako biyu. Baba ya daɗe yana kallon sama, sannan ya mayar da irin cikin buhu.

Kwana goma sha uku ba a samu ɗigo ba. A na tara Zaharaddini ya rasu. Geron ya fito daga baya, shi bai gani ba.

Ranar addu'ar bakwai Jamil ya durƙusa gaban Baba ya roƙi aron wayar, sannan ya tambaye ni hanyar tsamiya. Na kai shi. Allah ya jiƙanka, Zaharaddini.