Jar Ƙwarya a Jikin Darbejiya

Ko zan manta komai na zamana a tashar Kankia, ba zan manta safiyar da na tarar da fasasshiyar ƙwarya rataye a jikin darbejiyarmu ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake kamar jiya aka yi.

Fura nake sayarwa a gindin bishiyar nan. Nono kuwa wata Bafulatana ke kawowa daga rugarsu ta wajen Tafashiya. Ita ta zuba, ni in dama, shekara da shekaru a kan tabarma ɗaya. Ina tsokanarta cewa shanunta sun fi ta fara'a, ita kuma ta ce furata don tauri sai a jefi kare da ita.

Lokacin ɓarayin daji sun addabi mutane, wasu kuma suka fara yi wa Fulani kuɗin goro. Ita da aka kore wa mijinta shanu ma ba ta tsira ba. Ana ta labarin cewa a wasu wuraren, in ana son korar Fulani, sai a fasa ƙwaryar nono, a shafe ta da jan fenti, a rataye inda suke zama. Kowa ya san abin da ake nufi: ku tashi, ko jini ya zuba.

To, irin wannan ƙwaryar na gani, daidai saman inda ƙawata ke ajiye kayanta. Direbobi da 'yan kamasho na zaune suna kurɓar shayi, kowa ya gani, ba wanda ya motsa.

Na ce wa mai shayin, "Malam, wa ya yi wanga aiki?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ƙwarya ce fa. Cizo take? Aikin yara ne."

Yara! Wane yaro ne zai sayo fenti, ya hau bishiya, ya auna mazaunin mace guda?

Ina neman sandar da zan zunguro ƙwaryar, sai ga ƙawata da nono a ka. Tana hangowa ta tsaya cak. Matar da tun daga nesa take fara zolayata, ranar ko sallama ta kasa.

Na ce, "Taho in kama miki, mu sauke."

Ta ce, "A'a Yaya, yau ba ni saukewa."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na zunguro ƙwaryar, na tattake ta a gaban kowa, na ce, "Wanda ya rataya wagga tsiya ya hito in ya isa!" Ba wanda ya fito, kowa ya ci gaba da shan shayinsa. Da ƙyar na lallashi ƙawata muka sauke nonon. Ta zauna a bakin tabarma, takalmi a ƙafa, ido a kan hanya. Masu shan furarmu na kullum kuwa sai su zo kusa, su kau da kai su wuce, kada a gan su tare da ita. Da la'asar nonon yana nan kusan yadda ta kawo shi.

Da za ta tafi na ce, "Ai na tattake ta, mi kike tsoro kuma?"

Ta ce, "Ba ƙwaryar ba ce, Yaya. Mutanen da suka daɗe suna shan nonon da nike kawowa ne, zaune ƙarƙashinta suna shan shayi."

Kafin damina ta faɗi rugarsu ta tashi, ban san inda suka nufa ba. Faifan da ta manta yana wurina, da shi nake rufe fura.

Tun daga ranar ba na barin kowa ya ce mini alama ba ta cizo. Mutum ɗaya ya rataya ta, amma shirun 'yan kallo ne ya kori ƙawata.