Jan Takalmin da Na Sa Ya Yi Rawa

Dou Wenna maƙwabciyata ce a tsohon gidanmu na haya a birnin Luoyang, ƙofarta na kallon tawa. Shekararta talatin da huɗu, aikinta miƙa magani a kemis ɗin bakin titi. In ta tashi aiki kuwa, zane. Akwai wata jarumar katun da take so, mai takobi, mai tsallake rufin gidaje. Abin da ke damunta shi ne kayan da aka sa wa jarumar, wai ba su dace da wani zamani na tarihi ba. Sai ta ɗaura aniyar zana mata sutura irin ta zamanin sarakunan Ming, ta ɗora a intanet.

Ni awara nake soyawa, aji huɗu na yi na gudu, amma bakina ya fi na mai digiri. Kullum sai na taɓa ta.

"Malama, yau tattarar siket nawa aka ƙirgo a gidan tarihi?"

"Gwaggo, ki ji da manki, yana ƙonewa."

Wata uku tana fama. Riga ta fito, siket ya fito, tsinken gashi ma sai da ta canza shi sau biyar. Takalmi ne ya tsaya mata. Ta ce ba ta san abin da mace mai gudu za ta sa ba a wancan lokacin.

To ni na san inda wani tsohon takalmi yake. Surukata, Tsohuwa Pang, mai shekara tamanin da biyar, tana da shi a ƙasan durowarta, naɗe cikin ƙyalle. Na mahaifiyarta ne, wadda aka ɗaure wa ƙafa tun tana ƙarama don kada ƙafar ta girma, kamar yadda ake yi wa mata a can da. Ja ne, an yi masa surfanin fure, bai kai tafin hannuna ba. Ran Lahadi da hantsi, tsohuwa ta tafi shan rana, na ɗauko shi na fito tsakar gida inda maza ke kati.

"Malama, ga tarihi na kawo miki har gida."

Na zura yatsu biyu a ciki, na sa shi rawa a kan teburin shayi, ina cewa ga jarumarki za ta tsallake katanga. Maza suka yi ta dariya, har da mijina. Wenna ba ta yi ba. Bayana take kallo.

Surukata ce tsaye da sandarta. Ba ta ɗaga murya ba. Hannu kawai ta miƙo, na ɗora mata.

"Ko babana bai taɓa ganin ƙafar mahaifiyata babu ɗauri ba," ta ce. "Ni ke wanke ta, ƙofa a rufe. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu, ni na goya ta zuwa tudu, ina da shekara goma sha huɗu. Ba ta taɓa rawa ba."

Mijina ya tattara katinsa. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye yatsuna biyun nan.

Kwana tara surukata ba ta ci awarata ba, ita da ke cin zubin farko shekara ashirin. In na ce "Inna, ga shi da zafi," sai ta ce ta ƙoshi.

Wenna ce ta je ta durƙusa gabanta. "Kaka, ke da kika yi goyon, me ke ƙafarki ranar?"

Tsohuwa ta ce takalmin tsumma ne. Ana manna tsummoki da kunun fulawa hawa-hawa, a shanya, a ɗinke ƙasan da zaren rama har ya yi tauri. Tun kakanni haka matan gona ke yi. Wenna ta ce tana so ta gani da idonta kafin ta zana. Tsohuwa ta ce hannunta ya mutu, amma akwai mai yatsu masu ƙwari a gidan nan, ta ga aikinsu.

Haka na zauna sati biyu ina huda tsumma da basilla, tsohuwa tana warware duk layin ɗinkin da ya karkace. Yatsuna suka yi kanta.

Zanen ya fito, jaruma a kan rufi da manyan ƙafafu da baƙin takalmi. Wasu a intanet suka ce ƙafar ta yi girma, Wenna ta ƙi ragewa.

Surukata ta koma cin awarata. Durowar kuwa ta sa mata kwaɗo, makullin yana wurin Wenna, ba wurina ba.