Gidan Milimo a Chongwe

Milimo Haangoma ya shekara ashirin da wani abu yana aiki a wani gidan burodi a Lusaka, kuma duk tsawon shekarun nan a ɗaki biyu na haya yake zaune a unguwar Chawama, shi da matarsa Inonge da 'yarsu tilo, Luyando. Ɗan ƙabilar Tonga ne, cikin shanu da gonakin masara ya tashi, don haka bai taɓa sabawa da gidan da maƙwabci zai yi tari ka ce masa sannu ta bango ba. Inonge kuwa 'yar Lozi ce, tela, tana ɗinka kayan 'yan makaranta a kasuwar Kamwala. Tsakanin ƙabilunsu akwai wasa, su ma da tsokana suka rayu.

"Baban Luyando," takan ce, "kai fa ko a Aljanna aka sa ka, sai ka tambayi inda ake ɗaure shanu."

"Ke kuma sai kin tambayi inda ake kamun kifi," in ji shi.

Bayan sun aurar da Luyando ne wani abokin aikinsa ya ba shi labarin gidan da ake sayarwa a bayan garin Chongwe. Ranar wata Asabar suka shiga bas suka je gani. Daga bakin kwalta sai an taka da ƙafa, a bi wata hanya mai jar ƙasa. Gidan tsoho ne, rufinsa ya yi tsatsa, amma akwai rijiya, akwai mangwaro, ga fili shimfiɗe har bakin rafi. Milimo ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya shinshina. Da ya ɗago zai fara lallashin Inonge, sai ya hango ta a tsakar gida tana auna taga da hannu, wai za ta ɗinka labule.

Suka saya. Duk abin da suka tara tun ƙuruciya nan ya tafi, ba wanda ya yi da-na-sani a cikinsu. Da safe su fita tare su hau bas zuwa birni, da yamma su dawo tare, a gajiye amma cikin raha. Milimo ya shuka masara da gyaɗa, ya sayo karsana guda. Inonge ta yi lambun kabewa da tumatir, ta dasa ayaba a gindin rijiya. Matar da a Chawama ba a cika jin muryarta ba, a nan har waƙa take yi tana wanke-wanke.

A damina ta biyu ƙafafunta suka fara kumbura. Ta ce zaman keken ɗinki ne. Da fuska ma ta bi, Luyando ta matsa aka je asibiti, likita ya ce ƙodarta ta gaza, sai dai a riƙa yi mata wankin ƙoda a birni, a kai a kai, ba fashi.

Da farko daga gida suke zuwa. Amma idan an gama wankin jikinta duk sai ya saki, ga cunkoson bas, ga hanyar jar ƙasar nan da ruwa ya mayar taɓo, mota ba ta shiga. Wata rana Milimo ya goya ta daga kwalta har gida, ruwa na dukansu, tana kuka a bayansa tana ce masa ya sauke ta, kunya take ji. Washegari yayarta Namatama ta zo, ta dubi hanyar, ta dubi ƙanwarta.

"Suruki, ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Amma wannan hanyar ce za ta kashe ta, ba ciwon ba. Ta dawo wurina."

Haka Inonge ta koma Chawama, cikin wani ɗan ɗaki a can ƙuryar gidan yayarta, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta.

Milimo ya ce zai sayar da gidan ya kama haya kusa da asibiti. Ta harare shi daga kan katifa.

"Ka sayar, in na warke in koma ina? Kai dai je ka ba wa ayabata ruwa, ɗan shanu kawai."

Sai ya zama mutum mai gida uku: gona, wurin aiki, da gefen katifarta. Da ayabar ta nuna, ya saro nono guda, ya haɗa da tumatir da ganyen kabewa da ɗanyar gyaɗa, ya yi ta kare buhun daga matsin fasinjoji har Chawama. Yana zazzagewa a gabanta yana murna, sai Namatama ta ce a hankali, ai duk waɗannan likita ya hana ta ci. Inonge ta ɗauki ayaba ɗaya ta juya ta a hannu, ta ce a raba wa yaran gidan, amma su zo su ci a gabanta, su faɗa mata ko da zaƙi. Milimo ya fita waje ya tsaya jikin bango har sai da idonsa ya bushe.

Sun yi shawara cewa da zarar an yi girbi, hanya ta bushe, zai ɗauko mota ya kai ta ko yini ɗaya ta yi. Masara na tsaye a gona ba a karya ba ta rasu. Ya roƙi danginta su bar shi ya binne ta a filinsu, suka ce a'a, kusa da iyayenta za ta kwanta, a can garinsu Mongu. Bai yi musu ba. Ya bi gawar ya raka ta, ya dawo shi kaɗai.

Luyando ta yi ta fama da shi ya dawo birni wurinsu, ya ce to, ya ce sai an kwana biyu, har ta gaji ta bari. Yana nan har yanzu. Ya bai wa wani maƙwabci aron rabin gonar, don ƙarfinsa ya ragu, gashinsa duk ya yi fari.

Kwanan baya wani saurayi da amaryarsa suka zo duba filin da ke kusa da nasa. Suka same shi yana gyaran shinge, suka gaishe shi.

"Baba, don Allah faɗa mana gaskiya," in ji amaryar. "Nan bai yi nisa da birni ba? Dukanmu a can muke aiki."

Milimo ya ɗago ya dube ta.

"In kuna da lafiya, 'yata, kusa ne," ya ce.

Ba su gane ba, suka yi dariya, suka yi godiya. Ya ajiye addarsa, ya ce su biyo shi ya nuna musu inda ruwa ke kwanciya da damina, kada su yi gini a wurin.